Tambayi Injiniya: Wace Sanda Ake Ja, Wacce Ake Dannawa a Ɗaurin Rufi?

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso mini a wannan watan kusan duk a kan rufi suke, ban kuwa yi mamaki ba. Da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas, kowane maigida a Kaduna sai ya ɗaga kai ya dubi kwanonsa. Na ɗauki huɗu daga ciki. Ta farkon za ta ci mana wuri sosai, amma duk wanda ya daure ya bi ta, sauran ukun ba za su ba shi wahala ba.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. An ba mu aiki a kan ɗaurin rufi, wato tiras, mai faɗin mita 8, tsayinsa daga taibim (katakon ƙasa da ya haɗa bango da bango) zuwa ƙololuwa mita 3. Yana da kimfos a tsakiya, wato sandar da ke tsaye tsakanin taibim da ƙololuwa, da 'yan tokara biyu da suka taso daga gindin kimfos suka tokari tsakiyar kowace rafta, wato katakon da ya gangaro daga ƙololuwa zuwa bango. An ɗora nauyin kilonuton (ma'aunin ƙarfi) 6 a ƙololuwa, da 6 a tsakiyar kowace rafta, aka ce mu fitar da ƙarfin da ke cikin kowace sanda. Na haddace ƙa'idojin, amma da na zo gane wacce ake ja da wacce ake dannawa sai kaina ya ɗaure. Daga ɗanka, ɗalibi a Tudun Wada.

AMSA: Ɗana, ina amsawa, Allah ya ba da sa'a. Abin da ya ɗaure maka kai ya ɗaure wa kusan duk ɗalibin da ya taɓa zama a gabana, kuma maganinsa ba a hadda yake ba. Ajiye kalkuleta tukuna.

Samo karan dawa huɗu ka haɗa su kamar firam ɗin taga, ƙusa ɗaya a kowace kusurwa. Ka ɗan tura gefe guda da yatsa, za ka ga ya karkace. Yanzu haɗa kara uku, alwatika ke nan. Tura iya son ranka, ba za ta sauya kama ba sai dai kara ya karye ko ƙusa ta fita. Shi ya sa idan ƙyauren katako ya saki jiki, kafinta ke buga masa katako ɗaya a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Tiras ba komai ba ne illa alwatika da aka jera suna riƙe da juna. In hanya ta kai ka Mando, tsaya ka kalli dogayen turakun ƙarfen da ke kawo wuta daga Shiroro, ka ƙirga alwatikan da ke jikin guda ɗaya kawai.

A lissafi muna ɗaukar abu biyu. Muna ɗauka cewa kowace mahaɗa tana juyawa kamar hinjin ƙofa, muna kuma ɗauka cewa nauyi a kan mahaɗai kaɗai yake sauka, ba a tsakiyar sanda ba. In haka ne, kowace sanda ɗayan biyu take ciki: ko ana jan ta, ko ana danna ta. Ga kuma dabarar da nake koya wa yara. Dubi sandar, ka raya a ranka an cire ta an sa igiya a wurinta. In rufin zai ci gaba da tsayuwa, jan ta ake yi, domin igiya ta iya ja. In igiyar za ta yi laƙwas rufin ya zube, danna ta ake yi. Gwada da taibim, katakon nan na ƙasa da ya haɗa bango da bango: igiya mai ƙarfi za ta yi aikinsa. Gwada da rafta: ko kusa.

To, ɗauko takarda. Raɗa wa mahaɗan suna. A a kan bangon hagu, B a kan na dama, C ƙololuwa, D gindin kimfos a tsakiyar taibim, E tsakiyar raftar hagu, F tsakiyar ta dama. Mahaɗa 6 ke nan, sanda 9. Kafin ka taɓa komai, ƙara 3 a kan yawan sanduna, su ne ƙarfin da bangaye biyu ke riƙe tiras da shi, ka ga ko ya zo daidai da ninki biyu na mahaɗai. 9 da 3 sun ba da 12, 6 sau 2 ma 12. Ya yi. Da ya gaza, tiras ɗin zai kwanta kamar firam ɗin karan nan. Da ya zarce, wannan lissafin kaɗai ba zai fitar maka da amsa ba, sai karatun gaba.

Sai bango. Nauyin duka 18 ne, hagu da dama kuma iri ɗaya suke, saboda haka kowane bango yana tokare da 9 zuwa sama.

Malaminka ya tausaya muku wajen zaɓen awo. Rabin faɗi mita 4, tsayi mita 3, rafta ke nan mita 5. Ita ce 3, 4, 5 ɗin da birkila ke fitar da sikwayar harsashin gini da ita, da igiyarsa da tef ɗinsa. Amfaninta a nan shi ne, duk ƙarfin da ke bin rafta, kashi 3 cikin 5 nasa a tsaye yake aiki, kashi 4 cikin 5 a kwance. Kada ya dame ka cewa 3 da 4 sun haura 5. Ai mita 3 da mita 4 ma sun haura mita 5 na raftar, ba tara su ake yi kai tsaye ba. 'Yan tokarar ma gangararsu ɗaya da ta rafta, domin daga E zuwa D mita 2 ne a kwance, mita 1.5 a tsaye.

Ƙa'idar guda ce a kowace mahaɗa: tunda ba ta motsi, abin da ke tura ta sama daidai yake da abin da ke tura ta ƙasa, na hagu daidai da na dama. Kuma a fara da mahaɗar da sanduna biyu kawai ba a sani ba. A ke nan.

A wurin A, bango yana turowa sama da 9. Taibim a kwance yake, ba ruwansa da ƙarfin tsaye. Rafta ce kaɗai za ta iya tarar 9 ɗin nan, dole ta tunkuɗo ƙasa da 9. Kashi 3 cikin 5 na nawa ne zai ba ka 9? Na 15. AE ke nan tana ɗauke da 15, kuma danna ta ake yi. Amma raftar ba ƙasa kaɗai take turawa ba. Tana tura A waje, tana neman ta kayar da bango, da kashi 4 cikin 5 na 15, wato 12. Wa ya hana ta? Taibim. AD yana ɗauke da 12, jan sa ake yi. Riƙe 12 ɗin nan da kyau, za mu dawo kanta a tambaya ta gaba.

Hau zuwa E. Raftar ƙasa tana turo E da 9 zuwa sama, da 12 zuwa dama. Nauyin 6 yana danna ta ƙasa. Saura biyu da ba mu sani ba, raftar sama EC da tokara ED, kuma dukansu hagu suke tura E. Kashi 4 cikin 5 na jimillarsu dole ya tare 12, jimillarsu 15 ke nan. A tsaye kuma, cire 6 daga 9 saura 3 zuwa sama. Raftar sama ƙasa take turawa, tokara sama, don haka kashi 3 cikin 5 na bambancinsu shi ne 3, bambancin 5 ke nan. Waɗanne lambobi biyu ne in ka tara su 15, in ka ɗebe 5? 10 da 5. EC 10, ED 5, duka dannawa.

A ƙololuwa ne abin daɗin yake. Raftoci biyu, kowacce 10, kowacce tana tura C sama da 6, 12 ke nan. Nauyin da ke kai 6 ne kawai. Ragowar 6 ɗin wa zai riƙe? Kimfos ne, kuma ƙasa yake janyo C. Mutane da yawa, har da tsofaffin masu sana'a, suna ɗauka kimfos ginshiƙi ne da ke tallafe da ƙololuwa. A gaskiya rataye yake a ƙololuwa, shi ke ɗauke da tsakiyar taibim. Jan sa ake yi da 6. Sauko D ka tabbatar: 'yan tokara biyu, kowacce 5, kowacce tana danno ƙasa da 3, 6 ke nan, kimfos kuma yana ja sama da 6. Lissafi ya rufe. Kada ka taɓa miƙa aiki ba ka yi wannan dubawar a mahaɗar ƙarshe ba. Ɓangaren dama kuwa kwafin na hagu ne.

Wannan hanyar bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya tsohuwa ce. Wani Ba'amurke mai gina gadoji, Squire Whipple, ya wallafa irin wannan lissafi tun 1847. Akwai ta biyu, ta wani Bajamushe August Ritter a farkon shekarun 1860, wadda ke da amfani idan sanda ɗaya kawai kake nema a tsakiyar dogon tiras. Ka yanka tiras ɗin a ranka, yankan ya ratsa sanduna uku, EC da ED da AD, ka jefar da ɓangaren dama. Tsaya a E, inda biyu daga cikinsu suka haɗu, domin ƙarfin da ya bi ta kan wuri ba ya iya juya abu a wurin. Bango yana neman juya ɓangaren da 9 sau mita 2, wato 18. Taibim yana mita 1.5 ƙasa da E. Raba 18 da 1.5, ka sami 12. Ita ce dai 12 ɗinmu, a layi biyu kacal.

A ɗakin jarrabawa, in rikici ya taso maka, ɗauka kowace sanda jan ta ake yi, ka zana kibiya tana barin mahaɗa. Duk wadda amsarta ta fito da alamar ɗebewa, dannawa ce. Sannan ka riƙa sanin girman abin da kake rubutawa. Kilonuton 1 kusan nauyin kilo 100 ne, buhun siminti biyu. Kilonuton 6 buhu 12 ke nan a mahaɗa ɗaya. Ya fi abin da tiras ɗaya na gida mai kwanon almini ke ɗauka, an zaɓe shi ne don lambobin su fita sumul, amma hanyar ba ta canzawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni kafinta ne, na haura shekara ashirin ina ɗaura rufi. Yanzu yayin ɓoyayyen rufi ake yi, wanda ake kwantar da shi a bayan bango. Mai gini ya ce in rage tsayin rufinsa daga mita 3 zuwa ɗaya da rabi, tunda kuma rufin ya ƙanƙance in rage katako. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na rasa hujjar da zan ba shi. Sannan wani yaro da ya yi karatu ya ce mini kimfos ba ya ɗaukar komai, in cire shi. Gaskiya ne? Daga kafinta a Rigasa.

AMSA: Malam, zuciyarka ta faɗa maka gaskiya, ga kuma hujjar da za ka kai masa. Tsaya a kan tayil mai santsi ka haɗe ƙafafunka, ba ka jin komai. Fara buɗe su. Nauyinka bai ƙaru ba, amma iya buɗewar da ka yi, iya yadda ƙafafun ke neman zamewa waje, cinyoyinka na ɗaukar zafi. Raftoci biyu ƙafafun rufi ne, taibim shi ke hana su tsagewa.

A lamba, abin da bango ya tokare da shi ake ninkawa da rabin faɗi, a raba da tsayi. A misalin ɗalibin nan, 9 sau 4 a raba da 3 ya ba mu 12. Mayar da tsayin 1.5, ka sami 24. Mayar da shi mita 1, ka sami 36. Nauyi bai canza ba, faɗi bai canza ba, amma jan da ke cikin taibim ya ninka sau uku, raftar ma ta tashi daga 15 ta haura 37. Rufin da aka kwantar ƙarin ƙarfi yake so, ba ragi ba. Karanta wa mai ginin wannan da bakinka, in ya ƙi ji, ka ce injiniya ya zana ya sa hannu kafin ka buga ƙusa ɗaya.

Kuma ba katakon ne ya fi ba ni tsoro ba, wurin haɗi ne. Shekarun baya an kira ni wata makarantar Islamiyya a bayan gari. Tun daga bakin ƙofa na ga tsakiyar rufin ya lotsa kamar bayan tsohon jaki, ga tsaga a saman bango ta bi tsawon ajin. Na sa tsani na shiga cikin silin da tocila. Faɗin ajin ya kai mita 7, katakon kasuwa kuwa ƙafa 12 yake zuwa, dole a yi haɗi. Wanda ya yi aikin ya ɗora bakin wannan a kan bakin wancan kamar tsawon tafin hannu, ya buga ƙusa uku. Da na haska, ƙusoshin sun tanƙware kamar ƙugiya, katakan sun ja baya har yatsuna biyu suna shiga tsakaninsu. Ta ƙarƙashina ina jin muryoyin yara suna biya karatu. Ban sauko da sauri haka ba a rayuwata. A ranar muka mayar da su gindin mangwaro, muka tokare rufin da sanduna, daga baya aka kama kowane haɗi da katako biyu, ɗaya ta kowane gefe, aka ɗaure da bol da noti. Katakon da kansa lafiyarsa ƙalau, ko gara ba ta taɓa shi ba. Ƙusa mai inci 4 guda ɗaya ba a dogara da ita ta riƙe ko kilonuton 1, to ina uku za su kai?

Maganar kimfos kuma, yaron ya ɗauko rabin karatu ne. In tiras alwatika ce zalla, babu 'yan tokara, babu wani nauyi a tsakiyar taibim, lissafi zai nuna sifiri a kimfos. Wannan gaskiya ne a takarda. Amma takardar ta ɗauka taibim ba shi da nauyin kansa, ba a kuma rataya masa silin da fanka ba. Katako mai mita 8, da haɗi a tsakiyarsa, in ba abin da ya riƙe shi daga sama zai yi ciki. In kuwa akwai 'yan tokara, ka ga da idonka a amsar farko cewa duk abin da suka sauke a gindinsa shi ke kwashewa. Bar kimfos ɗinka. Ka ma ƙara masa langalanga ko farantin ƙarfe a gindi, tunda yanzu ka san jan sa ake yi, ƙusar da aka soka ta ƙasa kuwa zarewa take yi in an ja.

Akwai wani dalilin da ya sa ba a raina sandar da lissafi ya ba sifiri. Sandar da ake ja, tsawonta bai dame ta ba. Wadda ake dannawa kuwa tsawo ne ajalinta. Ɗauki guntun kara kamar tsawon yatsa ka danna shi tsakanin tafukanka, ba zai yi komai ba. Ɗauki mai tsawon kamu biyu, da ɗan matsi kaɗan zai gantsare gefe ya karye. Masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1744: in tsawon siririyar sanda ya ninka biyu, abin da za ta iya ɗauka kafin ta gantsare ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sau da yawa ƙaramar sandar da ake ganin ba ta aikin komai ita ce ta kama doguwar a tsakiya ta raba tsawonta biyu. Haka katakan da kake jerawa a kan rafta don buga kwano. Tu-bai-fo, wato katako mai inci 2 da inci 4, ta ɓangaren sirantarsa yake gantsarewa, domin taurinsa ta nan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ɗaya ɓangaren, su ne kuwa ke riƙe shi ta wannan gefen. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ko ga manya. A 1907 gadar Kubek a Kanada ta rushe ana cikin gina ta, ma'aikata 75 suka rasu. An ƙara tsawon gadar ba a sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba, manyan ƙarafan ƙasa da ake dannawa suka fara tanƙwarewa, an kuma ga alamar tun kafin ranar, aiki bai tsaya ba.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Bara a farkon damina iska ta ɗauke rufin maƙwabtanmu ɗungurungum, kwano da katako, ta ajiye a kan titi. Abin da ya ba ni mamaki, rufin sabo ne. Yaya abu mai nauyi haka zai tashi sama? Sannan ina so in sa tankin ruwa mai lita 1,000 a cikin silin don ya ɓuya, da farantan sola a kan kwano. Akwai matsala? Daga wata uwa a Kawo.

AMSA: Hajiya, barka kadai, Allah ya mayar wa maƙwabta da alheri. Rufin ba shi da nauyin da kike zato. Kwanon almini na zamani bai fi kilo 2 ba a kowace murabba'in mita. Iska kuwa in ta bi ta saman rufi da gudu, zuƙar sa take yi zuwa sama, kamar yadda take ɗaga zanin da aka shanya. Iskar da ke gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, tana da matsin da ya haura kilo 50 a murabba'in mita. A rufi mai mita 8 da mita 12 wanda bai da tsayi sosai, abin da ke ɗaga shi zai iya haura tan 4. Kuma in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa. Bakin rufi da kusurwoyinsa su suka fi shan wahala, shi ya sa ɓarna daga nan take farawa. In kuma ƙofa ko taga ta ɓalle ta ɓangaren da iskar ke bugowa, sai ta cika ɗaki ta turo rufin daga ciki, ana ja ta sama ana turawa ta ƙasa.

A wannan lokacin duk lissafin da muka yi a sama juyewa yake yi. Raftar da ake dannawa ta koma ana jan ta, taibim da ake ja ya koma ana danna shi, bangon da ke tokare rufi kuma ya zama dole ya riƙe shi kada ya tashi. Shi ya sa injiniyan kirki sau biyu yake lissafin tiras, ɗaya da nauyi zuwa ƙasa, ɗaya da iska zuwa sama. Masu walda su ji wannan da kyau: siririn rodi yana iya zama taibim muddin ana jan sa, ranar da iska ta juya shi kuwa lanƙwashewa zai yi kamar taliya.

Tunda kin ce rufin ya tashi gaba ɗayansa bai wargaje ba, kafintan ya haɗa tiras ɗinsa da kyau, ɗaurin da ke tsakanin rufi da bango ne ya gaza. Ki sa a hau a duba naki tun yanzu. Kowane tiras ya kamata a ce an naɗe shi da langalanga ko rodi wanda aka binne a cikin kankaren saman bango tun lokacin zuba shi. Wanda aka buga da ƙusa a jikin bulo ba ɗauri ba ne.

Tanki kuwa, Hajiya, don Allah kada ki sa. Lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ne cur, buhun siminti 20. Kuma a kan taibim zai zauna, a tsakanin mahaɗai, inda zai lanƙwasa katakon da aka yi don ja kawai, ga ɗigar ruwa da za ta riƙa jiƙa shi tana kiran ruɓa da gara. A yi masa hasumiyarsa ta ƙarfe a tsakar gida, ko a zuba masa kankare a kan bangaye inda injiniya ya nuna. Sola da sauƙi, farantin bai cika wuce kilo 20 zuwa 30 ba. A dai ɗaure ƙafafunsa a jikin katako ko ƙarfen rufi, ba a fatar kwano ba, a kwantar da shi kusa da kwanon, a kuma nisanta shi da bakin rufi.

TAMBAYA: Malam, yanzu akwai manhajar da in ka zana tiras a waya ko kwamfuta take fitar da amsa nan take. Mene ne amfanin wahalar lissafi da hannu? Daga matashin injiniya a Barnawa.

AMSA: Ƙanena, ni ma ina amfani da ita, kuma tiras mai sanda ɗari ba wanda zai ce ka bi shi da fensir. Amma manhaja abin da ka ba ta shi take lissafawa. In ka manta nauyin silin, ba za ta tuna maka ba. In ka gaya mata an kama rafta a tsakiya alhali a wurin aiki ba a kama ba, za ta yarda da kai. A Janairun 1978 rufin wani babban zauren wasanni a Hartford ta Amurka, wanda aka yi lissafinsa da kwamfuta, ya rufto cikin dare saboda nauyin dusar ƙanƙara, sa'o'i kaɗan bayan dubban 'yan kallo sun watse. Bincike ya nuna ƙarafan sama da ake dannawa ba su sami kamun da lissafin ya ɗauka suna da shi ba. A 2007 kuma wata gada a Minneapolis ta faɗa kogi, mutum 13 suka rasu, aka gano farantan ƙarfen da ke haɗa sandunan a wasu mahaɗai sun yi siranta tun daga zane.

Abin da nake yi, kuma nake so ka riƙa yi, bai fi minti biyar ba. In kwamfuta ta fitar da amsa, tara abin da bangaye suka tokare da shi ka ga ko ya yi daidai da nauyin da ka ɗora. Sai ka yanka tiras ɗin a tsakiya da hanyar Ritter ka fitar da taibim da hannu. Sai ka bi sandunan da gwajin igiya ka ga ko alamun ja da dannawa sun yi ma'ana. In ɗaya ya saɓa, akwai abin da ka shigar ba daidai ba. Ranar da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta yi maka rajista, hatiminka ne zai hau kan zanen. Kuma ranar da za a ɗaga tiras na farko, ka je wurin da tef ɗinka, ka auna kaurin ƙarfen da aka sayo daga kasuwar Panteka, ka ƙirga bol ɗin da ke kowace mahaɗa, ka duba waldar ta kewaye ko ɗigo aka yi mata.